Hanta ta Babban Gida Ce

Ranar da aka fara kawo wa Baba Wahabu gasasshiyar hanta a faranti mai murfi, sai da ya yi ƙwalla. Gidansu gidan mahauta ne a bayan kasuwar Salaga, kuma al'adar gidan tun kaka da kakanni ita ce, in an yi yanka, hanta ta babba ce, shi zai fara ci kafin a kai nama teburi. Amma shekara shida da rasuwar yayansa mai gidan, babu wanda ya tuna cewa yanzu Wahabu ne babba. Dalili kuwa bai taɓa riƙe wuƙa ba. Tun yana saurayi ya ga jini ya sulale ƙasa, sai aka sallama shi ga masallacin unguwa, inda ya shekara talatin da ɗaya yana ladanci. A gida, shi da matarsa Mma Lamisi ɗakin kusa da garke suka samu, da tuwo sau biyu, da gaisuwa in an ga dama.

Sai ga Mikaila, ɗan yayan nasa da ya gaji teburin nama, ya durƙusa har ƙasa da faranti a hannu.

"Baba, mun yi maka laifi. Daga yau hanta taka ce, yadda kakanni suka bari."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," in ji Wahabu. Ya cinye tas, ya lashe yajin da ya rage a murfi.

Kafin hantsi ya dubi ludayi, tsoho ya share masallaci ciki da waje. Ya wanke butoci goma sha huɗu, ya cika randa daga rijiya, ya dawo ya sake share inda ya share. Da ya rasa abin yi, sai ya haye matakala ya kira azahar da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Mutum uku suka rufe shago suka zo, ɗaya har ya yi alwala. Wahabu ya ba su haƙuri, ya ce albarkar zumunci ce ta shige masa jiki, ji yake kamar ɗan shekara ashirin.

Albarkar nan kuwa daga Kulungugu aka sayo ta, a bakin iyaka, cikin ƙunshin leda. Shanun da ake korowa daga Bawku a ƙafa, su bi ta Yendi su gangaro Salaga, ba duka suke isowa da lafiya ba. Wadda ta kwanta a hanya ta ƙi tashi, fatake kan bayar da ita da araha, kuma irinta Mikaila yake saye. Sai dai doka ta ce ba a yanka saniya sai ta shigo kwata da ƙafarta a gaban duba-gari, wanda mutanen gari ke kira Tankas. Nan Hudu, abokin aikin Mikaila, ya shigo. Shi yake kawo ƙwayar da direbobin manyan motoci ke sha don kada su yi gyangyaɗi, a dake ta a ɗura wa saniya, a bi da wata allura daga kwalbar da aka kankare wa suna. Saniyar da jiya ake yi wa addu'a, yau sai ta shigo kwata tana harbin iska. In ta wuce gona da iri tana neman tunkuyin mutane, a ƙara mata wata 'yar shuɗiyar ƙwaya ta barci, a daidaita.

Sau ɗaya aka yi rashin sa'a, wata mai dafa abinci ta sayi naman, masu cin abincinta suka kwana biyu ido biyu, har aka fara ƙus-ƙus. Sai Hudu ya ce ai magani a hanta yake taruwa, a samu wanda zai riƙa cin hanta da sassafe a ga yadda zai yi. In ya ɗan yi kuzari kawai, nama ya tafi teburin kasuwa. In abin ya yi yawa, a yi bandar naman a aika Makango bakin ruwa, a sayar wa masu shiga jirgi zuwa Yeji, can a tsallake cikinsu ya murɗa, ba su san wa za su kama ba. A ranar ce Mikaila ya tuna da al'adar kakanni.

Wahabu bai san ko ɗaya daga wannan ba. Abin da ke gabansa daban ne. Wani alhaji mai fataucin goro ya yi wa masallaci alkawarin lasifika da batirin mota, za a kafa bayan wata huɗu. Shekara talatin da ɗaya Wahabu yana kira da maƙogwaronsa, muryar ba ta wuce layi uku, kuma bai roƙi Allah komai a duniya ba sai ya ji ta ta kai har tashar mota. Har mazurarin kananzir ya wanke ya ɓoye a ɗaki, yana gwaji da shi in Lamisi ta fita. Jibirilu tela ma yana son aikin, kuma kullum yana sahun gaba yana gyaran murya ba gaira ba dalili.

Kwanaki suka yi ta tafiya, faranti bai fasa zuwa ba. Wata rana Wahabu zai kira salla da irin saurin da kafin mutum ya ajiye abin da ke hannunsa har ya sauko ya tsaya yana jiran liman. Wata rana kuma, in saniyar ta sha shuɗiya, sai ya hau matakala kamar mai ɗauke da buhun masara. Ranar wata Talata da la'asar ya kai "Hayya alas salah", ya jingina da bango don ya ja numfashi, shi ke nan. Mutane suka yi ta jiran sauran kira har minshari ya fara saukowa. Da Jibirilu ya taɓa masa ƙafa, sai ya zabura ya ɗaga murya ya sanar da Salaga, da rana tsaka, cewa salla ta fi barci, kalmar da ba a faɗa sai a kiran asuba.

An yi dariya har da masu riƙe ciki. Amma wanda ya dube shi da kyau ba zai yi dariya ba. Riga ta yi masa yawa. Hannunsa ba ya iya kai buta baki ba tare da ya jiƙa gemu ba. Zuciyarsa kan buga har ya ga aljihun rigarsa yana motsi, haƙoransa na cizon juna ko babu goro a baki. Abin tausayi ne ƙwarai, kuma a gidan babu wanda bai gani ba.

Abibata matar Mikaila, wadda ke gasa hantar, ta taɓa cewa, "Mai gida, tsohon nan fa yana ƙarewa."

"Tsufa ne," in ji Mikaila. "Tun yunwar tamanin da uku, wa kika sani a unguwar nan da ke cin nama kullum? Gata muke yi masa."

Liman Malam Sidiku ya kira Wahabu gefe bayan sallar magariba.

"Malam Wahabu, tare muka tsufa, ba na son in ji kunyarka. Lasifika za ta iso ranar Alhamis ta sama. Kuskure a matakala namu ne, mu rufa. Kuskure a lasifika na gari ne. In aka sake ko sau ɗaya, Jibirilu zan ba aikin."

Washegari Wahabu ya hau motar Yendi, don ba ya son 'yan Salaga su gan shi a layin asibiti su ce ladan ya taɓu. Can ya samu wani ma'aikacin asibiti, Badagombe mai fara'a, ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji, ya buɗe masa ido, sannan ya tambaye shi.

"Baba, wane loori kake tuƙa?"

"Loori? Ko keke ban iya ba."

"To zuciya naka na direba ne. Direba na Bawku, wanda ya yi kwana uku bai sauka ba. Ƙwaya nawa kake sha?"

Wahabu ya miƙe tsaye, ya rantse da abin da ya fi ƙarfinsa cewa ko taba bai taɓa sa wa a baki ba. Mutumin ya zaunar da shi, ya tambayi abin da yake ci daga safe zuwa dare. Da aka zo kan hanta, da wanda ke kawo ta, da inda shanun ke fitowa, sai ya ajiye alƙalami.

"Baba, ka bar hanta ɗin nan. Koraa, kwata-kwata, ko ƙanshi nashi kada ka ji. Saniya ne yake sha magani, kai kake biya."

A mota Wahabu ya yi ta jin haushin mutumin, yana cewa a ransa wanda bai gaji fawa ba ina zai san darajar hanta. Amma da ya iso gida da yamma, maimakon ya shiga ɗaki, sai ya zagaya bayan garke ya leƙa ta ramin katanga. Ga saniya kwance, ƙashin haƙarƙarinta a waje. Hudu ya danne mata kai, Mikaila na ɗura mata wani farin ruwa da kwalbar lemo.

"Gobe ka sa ido a kan Baba," in ji Hudu. "In shara kawai ya yi, teburi. In ya fara wanke butoci, Makango."

Wahabu ya daɗe a tsugune a bayan katangar. Ba ciwon jikinsa ne ya fi ƙona masa rai ba. Ƙwallar da ya yi ranar farko ce ta tsaya masa, da albarkar da ya yi ta sa wa yaron nan kowace safiya har wata huɗu.

Da safe faranti ya zo, ya ture shi.

"Mikaila, ashe ma'auni ka mai da ni?"

Mikaila bai ko musa ba. Ya gyara durƙuso.

"Baba, ka duba da kyau. Saniya ce ta sha, ba kai ba, ɗan abin da ya rage ne yake iso ka. Kuma kai mutum ne mai karatu a ciki, ba ya kama ka kamar sauran mutane. Ni ina tsoron Allah, ba zan sayar wa maƙwabtana abin da ban gwada ba."

"To kai ka ci mana."

"In na kwanta, wa zai ciyar da gidan nan? Har da kai da Mma?"

"Mutanen Makango fa? Su ba bayin Allah ba ne?"

"Matafiya ne, Baba. Dama matafiyi cikinsa ba ya zama lafiya."

Wahabu ya ɗauki sandarsa ya nufi kwata. Ya tarar da Fatawu Tankas inda ya saba zama, a kan katanga, ƙafafu a lanƙwashe, don tun da wani bijimi ya taɓa bin sa ba ya duba saniya sai daga sama. Hatiminsa mai shuɗin tawada na rataye a wuya, tsohon littafin doka na kan cinya. Wahabu ya zayyana masa komai.

"Baba Ladan, tsaya. Saniya ya zo da ƙafa nashi?"

"Ta zo, amma..."

"Ya zo. Doka ya cika." Ya lashi yatsa ya buɗe littafi. "Nan akwai tsutsa. Nan akwai tarin fuka. Nan akwai saniya da ya mutu da kanshi. Ƙwaya babu. Abin da babu a littafi, ni ba na iya kama shi."

"Littafin bai ce ka duba hanta ba?"

"Ya ce. Amma kullum in na tambaya, sai su ce hanta na babban gida ne, an kai ma shi. Ni baƙo ne, ba na taɓa al'ada na mutane." Ya dubi Wahabu sama da ƙasa. "Kai kake cinye shaida, Baba. In akwai laifi, a ciki naka yake."

Daga nan Wahabu ya je wurin liman. Malam Sidiku ya saurara, ya ce maganar gida a gida ake kashe ta, kuma mutumin da ya kira asuba da la'asar ya yi hankali da irin zargin da zai ɗora wa mai sana'a. Wahabu ya gane inda aka ajiye shi. Duk wanda zai gaya wa ya riga ya gan shi yana share titi a guje.

Ya ce to, shi dai ya bar hanta. Kwana biyar bai ci ba. Biyun farko ya sha wuya, kai kamar zai tsage, amma a na uku ya yi barci irin na mutane, a na huɗu ya kai buta baki bai jiƙa gemu ba. A na biyar ya kira magariba, Jibirilu tela da kansa ya daina gyaran murya. Mikaila bai matsa ba, don shanun makon da ɗan dama-dama. Ran Laraba da yamma aka shigo da wata a kan amalanke, harshe a waje, kuma Wahabu na ji Hudu yana cewa wannan sai an ninka mata.

Alhamis da safe aka ɗaura lasifika a kan dogon gora a saman masallaci, yara da manya suna kallo. Da azahar za a fara. Wahabu ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta idi, yana zaune a ƙofar ɗaki yana shan ruwan ɗumi da zuma, sai ya ga Abibata ta fito da faranti mai murfi, kanta a ƙasa. Ta wuce shi. Ta durƙusa a gaban Mma Lamisi.

"Me ke nan?" in ji Wahabu.

Mikaila ya amsa daga bakin garke. "Al'ada ce, Baba. In babba ya ƙi, sai mai bi masa."

Lamisi ta buɗe murfi, fuskarta ta washe. Tsohuwa ce mai hawan jini, wadda in ta je rijiya sai ta huta sau biyu a hanya tana dafe ƙirji. Wahabu ya san bugun da hantar nan ke sa wa zuciya, ya kuma san ta Lamisi ba za ta ɗauka ba.

"Lamisi, kada ki ci. Guba ce."

"Guba?" Ta ja farantin jikinta. "Wata huɗu kana cin guba kana lashe murfi, ko yanki ɗaya ba ka taɓa miƙo mini ba. Yau da aka tuna da ni ta zama guba? Malam, ka ji tsoron Allah."

Ya kai sanda ya kifar da farantin a ƙasa. Lamisi ta sa salati. Mikaila bai ɗaga murya ba, ya ce wa Abibata akwai saura a kan wuta, ta ƙaro wa Mma. Hantar saniya ba ta ƙarewa a faranti ɗaya, kuma Wahabu ya san ko ya zubar da ta yau duka, da azahar yana masallaci, gobe ma akwai yanka.

Faranti na biyu ya iso. Wahabu ya ɗaga kai ya dubi lasifikar da ke leƙowa ta saman katangar gida, sabuwa fil, rana na haska ta. Sannan ya fizge farantin daga hannun Abibata, ya juya wa matarsa baya, ya yi ta turawa da hannu biyu, da zafinta da komai, mai na ɗiga a farar riga. Lamisi na dukan bayansa da mafici tana kiransa marowaci, azzalumi, mai cin amanar aure. Bai bar ko ɗigon yaji ba.

Da azahar masallaci ya cika har waje. Aka haɗa waya da batir, aka miƙa masa abin magana. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, idanunsa sun yi wuri-wuri. Ya buɗe baki, kabbara ta farko ta fita cikakkiya, mai daɗi, ta ratsa kasuwa ta kai har tashar mota, kuma ya ji ta da kunnensa tana dawowa. Ta biyu ta fi ta sauri. Sauran kiran duka a numfashi ɗaya ya tafi.

Ya gama, amma hannu ya ƙi sakin abin magana, baki ya ƙi rufuwa. Ya ga dai aikin ladanci ya riga ya tafi, sai ya ce bari ya faɗi gaskiya gari ya ji. Ya ce jama'a kada a sayi naman Mikaila, ƙwaya ake ɗura wa shanu. Ya faɗa, wallahi ya faɗa. Sai dai harshen ba nasa ba ne a ranar, maganar ta fito a cakuɗe da duk abin da ya taɓa riƙewa a ciki shekara talatin da ɗaya: wanda ke musanya takalmi a ƙofar masallaci, wanda ke barci a raka'a ta biyu, butar da ke yoyo tun zamanin tsohon liman, da wandon da Jibirilu ya ɗinka masa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Kasuwa ta ɗauki shewa. Mata suka fito ƙofar gida suna tafawa. Malam Sidiku ya sa hannu ya cire wayar batir.

Babu wanda ya riƙe maganar nama. Ta wando aka yi ta maimaitawa har yamma. Tankas ya buga hatiminsa, naman ya tafi inda za shi, aka ci aka sha ruwa. A gidan mahauta aka ce tsufa ne, Allah ya sa mu gama lafiya, kuma duk wanda ya zo jaje sai ya yaba wa Mikaila yadda yake riƙon ƙanen ubansa.

Da la'asar Wahabu na zaune a ƙofar ɗaki, an lulluɓa masa zane, gwiwoyinsa na karo da juna. Muryar Jibirilu ta taso daga saman gora, siririya, tana karyewa a tsakiya. Wahabu ya amsa kiran kalma bayan kalma, yadda ake so kowane mai ji ya amsa, abin da bai taɓa samun yi ba a unguwar nan tun yana saurayi. Hawaye na bin gemunsa bai share ba.

Lamisi ta fito da kofin ruwa ta dangwarar a gabansa, har yanzu tana fushi. Ta ga hannunsa ba zai iya ɗauka ba, sai ta ɗauka ta kai masa baki.

"Ka ga abin da rowa ta ja maka," ta ce. "Gobe dai in an kawo, ka rage mini ko yanki ɗaya."

Wahabu ya haɗiye ruwan da ƙyar.

"Ba zan rage ba, Lamisi."